Idan Osimhen ya fita, me ya rage?

Na daure kwana biyu ban ce komai ba, don kada in rubuta abin da zan zo ina gogewa. Yanzu zuciya ta ɗan sauka, bari in faɗi nawa.

Wasanmu da DR Kongo a Rabat a Nuwamban 2025, na neman gurbin kofin duniya na 2026, wanda aka tashi 1-1 suka fitar da mu a bugun fenariti: minti na uku Onyeka ya zura mana ƙwallo. Na miƙe na yi ihu kamar kowa, amma kafin in koma in zauna gabana ya faɗi, domin na san halin kayana. Super Eagles in suka fara ci sai su ja baya kamar waɗanda suka sato ƙwallon suna jiran mai ita ya biyo sawu. Haka aka yi a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abidjan: Troost-Ekong ya ci, muka koma gida muka tsuguna, Kessie da Haller na Ivory Coast suka gama da mu. Haka Zimbabwe ta farke mana a Uyo a watan Maris na 2025 ana dab da tashi. Koci ya canza, cutar tana nan.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne bayan hutun rabin lokaci, da Osimhen bai dawo fili ba saboda rauni. Wallahi kamar an cire wa fitila batir. Mai tsaron baya ya ɗaga kai, ya rasa wanda zai ba, ya ɗaɗa ta sama, 'yan Kongo su karɓe su dawo mana da ita. Ashe duk dabarar ita ce a jefa wa Osimhen a yi addu'a. To wannan ai ko ni zan iya tsara shi daga kan kujera. Ƙasar da ke da Lookman, gwarzon Afirka na 2024, ga Chukwueze, ga Iwobi, ga Ndidi, a ce ta kasa haɗa fas biyar a jere a gidan abokan karawa?

Kocin Kongo kuwa ya san abin da ya kawo shi. Ana gab da bugun fenariti ya canza mai tsaron raga, wanda ya shigo ya tare biyu. Mutum ya zauna ya yi lissafi tun kafin a shiga fili. Namu kuma, Eric Chelle, da aka tashi sai ya ce wai wani a bencin Kongo yana tsafi. Haba Malam! In tsafi na cin ƙwallo, da tuni kofin duniya ya tare a Afirka.

Ba zan ɗora masa duka ba, a faɗi gaskiya. Ya zo a Janairun 2025 ya tarar da maki uku cikin wasa huɗu. A cikin kociyoyin da suka gabace shi, Peseiro ya yi canjaras da Lesotho da Zimbabwe, Finidi ya yi da Afirka ta Kudu, sannan Benin ta doke mu, kuma wa ke horar da ita? Gernot Rohr ɗin da muka kora a 2021. Tsakanin nan har sanar da Labbadia aka yi a matsayin sabon koci, bai ko taka filin atisaye ba maganar ta watse. Ga 'yan wasa sun ƙaurace wa atisaye kan kuɗin alawus kwana biyu kafin wasan Gabon. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, NFF, na da nata kason, babba ma kuwa.

Amma bashin alawus ba shi ya hana koci tanadin abin da zai yi in ɗan wasa ɗaya ya ji rauni ba. Watanni goma ya yi yana riƙe da ƙungiyar kafin wannan wasa.

An faɗaɗa gasar kofin duniya zuwa ƙasashe 48, an ba Afirka gurbi tara kai tsaye. Cape Verde, da mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba, ta samu. Mu kuma karo na biyu a jere, bayan abin da Ghana ta yi mana a Abuja a 2022, za mu zauna muna zaɓen ƙasar da za mu ara mu goya wa baya. Osimhen zai haura shekara talatin kafin 2030, bai taɓa buga kofin duniya ba ko sau ɗaya.