Hukumar Tace Fina-finai, Reshen Agege

(Agege, bayan isha'i, ba nisa da gadar Pen Cinema. An ɗauke wuta tun la'asar, janaretocin unguwa sai gasar ƙara suke yi. A bencin Mai Shayi akwai Ɗan Acaɓa, da Alhaji Bakano ɗan canji, da Bazazzagi, wanda ya yi difloma kuma ba ya bari a manta. Baba Maigadi, Bagobiri, ya iso da tocila da gora.)

MAI SHAYI: Baba, sannu da zuwa. Kauri ko ruwan bunu?

BABA MAIGADI: Ruwan bunu, kada ka sa sukari. Yau raina a ɓace yake.

ƊAN ACAƁA: Oga ya sake riƙe albashi ke nan.

BABA MAIGADI: Da albashi ne da sauƙi, wannan na saba. Fim na kalla. 'Ya'yan maigidana suka kunna na Kudu a falo, ni kuma na leƙa ta taga. Sai ga wani an ɗora masa hula a karkace, riga har ƙasa, wai shi ne maigadi, wai sunansa Musa.

BAZAZZAGI: Ai kullum Musa ne. In Musa ya tafi hutu, Adamu.

BABA MAIGADI: Mutumin nan ko sallama bai iya ba. Ɓarayi suka zo, ya buɗe musu get har da sara musu. Abin da ya fi ƙona mini rai, mai gida ya yi hon sau uku yana ta sharar barci. Ni tun zamanin Abacha nake gadi a Ikeja, ba a taɓa yi mini haka ba.

MAI SHAYI: Wato ba ka taɓa barci a bakin aiki ba, Baba?

BABA MAIGADI: Ban taɓa kaiwa hon uku ba. A na biyu nake tashi.

ƊAN ACAƁA: To yaya fim ɗin ya ƙare?

BABA MAIGADI: Ina zan sani? Ina tsaka da leƙe oga ya dawo, na ruga buɗe get.

ƊAN ACAƁA: A hon na nawa?

BABA MAIGADI: Sha shayinka, ɗan nan.

ƊAN ACAƁA: Ni dai na Indiya na sa aka tura mini a memori, fassarar Hausa. Fim ya yi fim, ba ƙarya, duka ake kamar ba gobe. Amma akwai rainin hankali. Jarumin ya hau babur tun hantsi yana bin bos, ya tsallake jirgin ƙasa, ya ratsa kasuwa, ya haye dutse, awa uku cur, ban ga inda ya tsaya a gidan mai ba. Wane irin tanki ne wannan? Ba hular kwano, ba lamba, kuma ba ɗan agbero ko ɗaya da ya tare shi ya ce kuɗin tikiti.

ALHAJI BAKANO: Ai jarumi ne.

ƊAN ACAƁA: Jarumi a garinsu, Alhaji. Ya kawo jarumtar nan Ikeja mu gani. Tun 2022 aka hana mu shiga can da babur. Kafin ya gama karkaɗa gashin baki an jefa mashin ɗin a mota, an kai an murƙushe. Sai dai ya bi bos ɗin a danfo, shi ma a maƙale a ƙofa.

BAZAZZAGI: Ni fassarar ce ke ba ni haushi. Ba'indiye da jan ɗigo a goshi, ya buɗe baki ka ji yana magana kamar ɗan kamashon Kantin Kwari. Kanawa sun lalata Indiyawa kaf.

ALHAJI BAKANO: Gode wa Allah da ba ku aka ba ba. Da Zage-zagi ne ke fassara, jaruma za ta fito da sari da awarwaro a ce "ga shi nan ya zo". Sai an kai rabin fim kafin a gane wa ke neman auren wa.

BAZAZZAGI: Ku kuma da za ku iya, da bos ɗin ma kun sayar da shi kashi-kashi.

MAI SHAYI: Ku bar Indiya, ku zo gida. Ni namu na Hausa nake bi a YouTube, mai dogon zangon nan na gidan attajiri. Wallahi duk fitowa sai na ji kamar in yi kuka. Za a jera tebur da safe: fulas biyu, madarar gwangwani, burodi mai yanka-yanka, wainar ƙwai da ba ta gaza ƙwai shida ba. A haɗa wa Alhajin kauri, irin wanda cokali ke tsayawa a ciki. Ya ɗaga kofi, ya kai baki, sai uwargida ta ce "Alhaji, akwai magana." Shi ke nan. Ya dire kofi, ya saɓi babbar riga, ya fice. Ina shayin yake zuwa? Wa ke shanyewa? Ba a taɓa nunawa ba.

ƊAN ACAƁA: Masu ɗaukar hoto mana.

MAI SHAYI: To a rubuta a ƙarshe mu sani, hankalinmu ya kwanta. Sannan ita amaryar, cikin da ta ɗauka tun kafin a cire tallafin mai a 2023, har yau tana nan tana dafe ƙugu. Ƙanwata ta yi aure bayanta, ta haihu, ta yaye.

ALHAJI BAKANO: Duk ku 'yan kallon waya ne. Ni silima na je, ta gaske, a babban kantin nan na Ikeja. Yarana suka matsa. Da na ji kuɗin tikiti na ce ko da kujerar za mu tafi gida? Gugguru kuwa, wanda ake ƙulla wa yara a leda, nan aka zuba a kwali aka faɗi farashi sai da na nemi wurin zama. Ga sanyi kamar ɗakin ajiye gawa. Ina ma laifin Plaza da Eldorado a Kano lokacin muna samari? Sama a buɗe, in bos ya sha duka kowa ya miƙe yana ihu. Nan kuwa na ce "ƙara masa!" sau ɗaya, wata mata ta juyo ta harare ni.

MAI SHAYI: Fim ɗin fa, ranka ya daɗe?

ALHAJI BAKANO: Na Amurka ne, kuma ƙarya ce tsagwaronta. An kawo wa mutum jaka cike da dala. Ya buɗe, ya leƙa, ya rufe, ya ce sun daidaita. Bai ƙirga ba! Bai zaro ko ɗaya ya ɗaga ta a haske ba, bai murza ba, bai duba ko ƙasan jakar takarda aka shimfiɗa ba. Wannan ya zo bakin masallacin Agege da wannan sakarcin, kafin azahar ya koma gida da silifas. Daga nan suka shiga fasa motoci. Na ciro kalkuleta ina bugawa a canjin ranar, da na kai mota ta tara sai jiri ya ɗebe ni, na rufe ido.

ƊAN ACAƁA: Barci dai.

ALHAJI BAKANO: Jimami ne. Mai shara ne ya tashe ni daga jimamin.

BAZAZZAGI: Matsalarku ba ku san tarihin abin ba. Ana raina mu a garin nan, alhali mu muka riga su. Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, shekarar da aka buɗe gadar Third Mainland. Sunan Kannywood ya bayyana a mujallar Tauraruwa a 1999, nasu na Nollywood sai a 2002. Ita kanta wannan gada da ke bayanku, da aka buɗe a 2021, sunan gidan silimar da ke wurin a da ta gada. Ni yanzu na wuce matakinku, na Koriya nake kallo, mai rubutu a ƙasa.

MAI SHAYI: To ba mu labari.

BAZAZZAGI: Fim ne mai zurfi. Yana magana a kan rayuwa.

MAI SHAYI: Rayuwar wa?

BAZAZZAGI: Rayuwa dai gaba ɗaya. Ka ga, darakta ya yi amfani da haske...

ƊAN ACAƁA: Kai, ka kalla ko ba ka kalla ba?

BAZAZZAGI: Na karanta sharhinsa a Facebook. Data ta yi tsada.

(Kafin a gama dariya sai ga Jauro daga mayankar Oko-Oba, sanda a kafaɗa, fuska a murtuke. Bai zauna ba sai da ya bi kowa ya ba shi hannu, irin na gidan makoki.)

JAURO: Sannunku da haƙuri. Allah ya jiƙan musulmin ciki.

BABA MAIGADI: Innalillahi! Wa ya rasu, Jauro?

JAURO: Ba ku ji ba? Kuna zaune a bakin ruwa ba ku ji ba? Jirgi ya nutse, aradu da mutane maƙil. A wayar yaron mota na gani, muna tahowa da shanu daga Potiskum. Wani dogo mai bututu huɗu.

BAZAZZAGI: Jauro, Titanic ka kalla. Fim ne na 1997. Jirgin kuma tun Afrilun 1912 ya nutse, ya taso daga Ingila za shi Amurka. Mutum fiye da 1,500 suka mutu, gaskiya ne, amma ko kakanka ba a haifa ba.

JAURO: To ni shekaranjiya ya nutse mini. Kuma ka ce me ya kayar da shi?

BAZAZZAGI: Ƙanƙara ya ci karo da ita.

JAURO: Ƙanƙarar da ake sa wa zoɓo? Aradu na daɗe ban yarda da ita ba. An ce in bi kwalekwale zuwa Ikorodu karɓo kuɗina, na ce a bar wa mai su. Amma ku gaya mini, da shanu a ciki?

MAI SHAYI: Ba a nuna ba.

JAURO: To da sauƙi.

(Malam ya fito daga masallaci da carbi. Aka matsa masa gefen benci mai kyau, wanda ƙusa ba ta fito ba.)

MALAM: Tun daga alwala nake jiyo ku. Manya da ku, da iyali, kun zauna kuna ɓata dare a kan wasan kwaikwayo. Lokacin nan da za ku yi istigfari da shi.

MAI SHAYI: Allah gafarta Malam, hira ce kawai. A haɗa kauri?

MALAM: Haɗa, kada madara ta yi kaɗan. Kai kuma Jauro, daina jimamin yaron nan na fim ɗin da ya mutu a ruwa. Ganganci ne. Katakon da yarinyar ta kwanta a kai zai ɗauki mutum biyu, da ta ɗan matsa.

ƊAN ACAƁA: Allah gafarta, ya aka yi ka san girman katakon?

MALAM: Ana faɗa. Kuma ba wannan ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne ɓarnar da ake yi a na gidan attajirin nan. An zo rabon gadon babban wansa, aka ba matar rabin dukiya. Rabi! Mamaci ya bar 'ya'ya, ai tumuni ne rabonta, ɗaya bisa takwas, ko su huɗu ne shi za su raba. In babu ɗa ne take cin rubu'i. Wane alƙali ne ya zauna musu? An kafa hukumar tace fina-finai a Kano tun 2001, a ce babu mai Risala ko ɗaya a kusa da zai duba?

ALHAJI BAKANO: Ikon Allah.

MALAM: Sannan amaryar. Ya sake ta ta waya tana da ciki, to iddar mai ciki haihuwa ce. Su kuma sun ƙi bari ta haihu, saboda kada zango ya ƙare. Baiwar Allah ta shekara biyu tana idda, shi kuma direban da ke sonta yana ta zarya da ledar lemo, ba halin ya yi magana. Wannan zalunci ne. Allah ya sa dai jiya aka sauke ta lafiya.

MAI SHAYI: Ta haihu?!

MALAM: Tagwaye. Kuma ba na Alhajin ba ne, asibiti aka...

MAI SHAYI: Malam! Malam, don girman Allah! Kwana huɗu ina tattalin data saboda fitowar nan. Ko gaisuwar matata ta bidiyo ban ɗauka ba!

MALAM: Ni ban kalla ba. Iyali ne ke kunnawa, ɗakin kuma ɗaya ne, ka san hayar Legas. Kunne ba shi da marfi.

BAZAZZAGI: Girman katakon ma da kunne aka ji shi?

MALAM: Kai Bazazzagi, ban gan ka a asuba ba yau.

(Sai unguwa ta ɗauki ihun yara, an kawo wuta. Cikin ƙiftawar ido benci ya zama wayam, kowa ya zaro caja daga aljihu ya nufi inda ya san akwai soket. Malam ne a gaba, da tazara.)

MAI SHAYI: Kai! Kuɗin shayi fa? Alhaji! Kai da ke ƙirga na mutanen Amurka!

JAURO: Bar su, za su dawo. Ni dai in an yi kashi na biyu, aka ciro jirgin, ka aika a kira ni a Oko-Oba.

MAI SHAYI: Babu kashi na biyu, Jauro. Kawo na kofi biyu da rabin burodi.

JAURO: To rubuta. Zan biya a zango mai zuwa.