An yi mana aski a bayan idonmu

To, an yi taro an watse. An ɗauki hoto, an ci shinkafa da kaza, an karɓi kuɗin zama, an rubuta wai "al'umma ta amince da aikin gyaran baraj", wato madatsar ruwa. Wace al'umma? Kawuna da gonar albasarsa ke gindin madatsar, sai bayan kwana uku ya ji labari, a bakin kasuwa. A otal aka yi abin cikin garin Tawa, da Faransanci tsantsa, takardar binciken muhallin kuwa ta fi bulo kauri. Sannunku da aiki!

Ni ban ƙi gyara ba, kada wani ya juya mini magana. Wanda ya ga yadda madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024 ruwa ya shanye Maiduguri, ko yadda unguwar Lamorde ta nutse a Yamai a 2020 da shingen bakin kogi ya karye, ba zai yi wasa da wannan ba. Maganata ɗaya ce: a tambayi mai kwana a ƙarƙashin ruwan kafin a sa hannu.

Za ku ce manomi bai san aikin injiniya ba. Naji. Amma a bara da rani kawu ya ja ni har gindin ginin, ya nuna mini wani wuri da ciyawa ta yi kore shar, ko'ina kuma ƙasa ta bushe ƙamas. Ya soka sandarsa, ta fito da danshi. "Ɗana, nan take yoyo," in ji shi. Ya san inda laka ta cike tafkin, ya san gidan da ruwan gulbin Maggiya ke fara shiga in ya yi hauka. Wa ya tambaye shi? Babu.

Wai an gayyaci mai gari. Mai gari shi kaɗai ne gari? Matan da ke noman rani fa? Makiyayan da ke shayar da dabba a wurin fa? Ga rediyo nan, a karanta takardar da Hausa, a je ƙauyen ranar kasuwa a zauna gindin itace. Wallahi ba neman rigima nake ba, tsoro nake ji. Akwai yara a gidajen nan.