Yarjejeniyar da ta mutu aka ƙi binne ta: Norway da yaƙin Sri Lanka

A ranar 22 ga Fabrairu 2002 aka sanar da yarjejeniyar tsagaita wuta tsakanin gwamnatin Sri Lanka da ƙungiyar LTTE, wadda aka fi sani da Damisar Tamil. Tun 1983 ake gwabzawa, ƙungiyar na neman ɓalle arewa da gabashin tsibirin ta kafa wa 'yan ƙabilar Tamil, marasa rinjaye, ƙasar Tamil Eelam. Norway ce ta shiga tsakani. A takarda, yarjejeniyar ta rayu har 16 ga Janairu 2008. A fagen daga kuwa, tun tsakiyar 2006 ake luguden wuta da manyan bindigogi da jiragen sama. Wannan shekara ɗaya da rabi ta ƙarshe ita ke damuna, kuma ra'ayina shi ne Norway ta yi kuskure da ta ci gaba da zama a kujerarta. Mai shiga tsakani da ya tsaya gadin yarjejeniyar da ta riga ta mutu, inuwa yake yi wa masu kisa, ko da zuciyarsa fara ce tas.

Amma gyambon ya samo asali ne tun ranar sa hannu. Firaminista Ranil Wickremesinghe ne ya sa wa gwamnati hannu, Velupillai Prabhakaran, shugaban LTTE, ya sa wa ƙungiyarsa. Shugabar ƙasa Chandrika Kumaratunga, wadda ita ce babbar kwamandar askarawa, kuma ita ta fara gayyato Norway, ba ta cikin masu sa hannu, ga ta daga jam'iyyar da ke gaba da ta firaministan. Wato an ƙulla alkawarin ajiye bindiga da mutumin da linzamin soja ba ya hannunsa. A ranar 4 ga Nuwamba 2003, kwana huɗu bayan LTTE ta gabatar da daftarin gwamnatin riƙon ƙwarya da take so a arewa maso gabas, Ranil na Washington, Chandrika ta ƙwace ma'aikatun tsaro da cikin gida da yaɗa labarai. Norway ta dakatar da aikinta, ta ce sai an fayyace wa ke da iko a Colombo, babban birnin ƙasar. Tambayar da ya kamata a yi kafin a ɗauki alƙalami ke nan.

Sai batun masu sa ido, wanda nan ne ya kamata duk mai sha'awar harkar sulhu ya tsaya ya duba sosai. An kafa tawagar SLMM daga ƙasashe biyar: Norway, Sweden, Denmark, Finland da Iceland. Mutum sittin ne ko kusa da haka, ba su ɗauke da makami. Suna da ofisoshi a gundumomi shida, Jaffna, Mannar, Vavuniya, Trincomalee, Batticaloa da Ampara, kowace gunduma da kwamitin mutum biyar: biyu na gwamnati, biyu na LTTE, sai Baturen da ke shugabantar zama. A Kilinochchi, hedikwatar 'yan tawayen, ofishin tuntuɓa kawai suke da shi.

Ga yadda aikin yake a zahiri. Uwa za ta shigo ofishin Batticaloa ta ce an ɗauke ɗanta a hanyar makaranta. A rubuta sunansa da shekarunsa da ranar da ya ɓace. Jami'i ya hau mota ya je ofishin siyasa na LTTE ya yi tambaya, a ce masa ba a san yaron ba, ko a ce da ƙafarsa ya zo. Ba shi da ikon shiga sansani ya duba. Idan hujja ta gamsar da shi, sai a yanke cewa an karya yarjejeniya, a ƙara lamba ɗaya a lissafi. Shi ke nan. Babu tara, babu janye wata alfarma, babu kotu. Zuwa Afrilun 2007 tawagar ta tabbatar da karya yarjejeniya sau 3,830 daga LTTE, sau 351 daga gwamnati, kuma kaso mai yawa na laifin LTTE ɗibar yara ne a sa su aikin soja. Laifi dubu uku da ɗari takwas babu hukunci ko ɗaya, me zai hana na gaba? Jama'ar Sinhala da ke kudu, ƙabila mafi rinjaye a ƙasar, na ganin waɗannan alƙaluma a jarida, sai suka yanke cewa Norway na goya wa 'yan tawaye baya, kuma masu adawa da sulhun suka sami abin hawa.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne Norway ta aza tukunya biyu a murhu ɗaya. Ita ke shiga tsakani, ita kuma ke naɗa shugaban masu sa ido. Mai shiga tsakani na buƙatar ƙofar Prabhakaran ta zauna a buɗe, don haka dole ya tausasa harshe. Mai sa ido kuwa aikinsa ya fito ya ce wane ne ya yi kisa. Idan hukuma ɗaya ke riƙe da duka biyun, gaskiya ce ke shan kashi. Sai dai kada a ɗauka raba ayyukan kaɗai ya wadatar. A Mali, maƙwabciyar Nijar, Aljeriya ce ta jagoranci sulhun 2015, aka ba Cibiyar Carter aikin sa ido mai zaman kansa, ta yi ta fitar da rahotanni, amma da yake babu horo a bayan rahoton, yaƙi ya dawo, soja suka kama Kidal a Nuwamban 2023, Bamako ta soke yarjejeniyar a Janairun 2024.

Takardar Sri Lanka ta yi ƙoƙari a wasu wurare. Ta sa wa'adi: soja su fice daga wuraren ibada cikin kwana 30, daga makarantu cikin kwana 160, a buɗe babbar hanyar A9 da ke zuwa Jaffna. Amma ta bar batun teku ba a daddale ba, alhali ta teku LTTE ke shigo da makamai, kuma tana da rundunar ruwa tata ta kanta. Wani sashe ya ba sojan gwamnati damar ci gaba da kare iyakokin ƙasa. Jirgin ruwan LTTE da ke tafe da kaya, tare shi kare ƙasa ne ko kai hari? A Maris da Yunin 2003 sojan ruwa suka nutsar da jiragen ƙungiyar, kowane ɓangare na nuna sashen da ya ba shi gaskiya.

Haka batun ɓaraka. Sashe na 1.8 ya ce gwamnati ta ƙwace makaman ƙananan ƙungiyoyin Tamil da ke taya ta yaƙi cikin kwana 30. A Maris 2004 Karuna, kwamandan LTTE na gabas, ya ɓalle da dubban mayaƙa. LTTE ta ce sashen ya hau kansa. Gwamnati ta ce rikicin cikin gidanku ne, ba ruwanmu, alhali mutanensa na yawo da makami a yankunan da soja ke riƙe da su. Aka shiga kashe-kashen ɗauki ɗai-ɗai. A zaman Geneva na Fabrairun 2006 gwamnati ta yi alkawarin hana duk wata ƙungiya ɗaukar makami a yankinta, ba a ga cikawa ba. LTTE ita ma ta yi alkawarin daina kai hari, a Afrilu 'yar ƙunar baƙin wake ta tashi bam a hedikwatar soja ta kusa hallaka kwamanda Sarath Fonseka.

Akwai kuma waɗanda aka bari a bakin ƙofa, kuma wannan na ci mini rai. Musulmin Sri Lanka sun kusa kashi goma cikin ɗari na al'ummar ƙasar, a gabas kuwa sun fi haka nesa ba kusa ba. A Agustan 1990 LTTE ta kashe masallata fiye da ɗari a Kattankudy, a Oktoban shekarar ta kori dubban Musulmi daga arewa. Duk da haka, a zaman tattaunawa shida da aka yi tsakanin gwamnati da LTTE daga Satumban 2002 zuwa Maris 2003, ba a ba su kujerar kansu ba. Jagoransu Rauff Hakeem a cikin tawagar gwamnati ya zauna. Ana tattauna makomar gonakinsu da garuruwansu suna matsayin 'yan rakiya.

Wani zai ce ai Norway ba ta da sandar duka, ƙaramar ƙasa ce, shi ya sa ma aka amince da ita. Haka ne. Masu sandar kuwa kowa ya ja nasa wajen. Indiya ta riga ta ƙona hannu: ta tura soja a 1987, ta yi asarar sojoji fiye da dubu, a 1991 'yar ƙunar baƙin waken LTTE ta kashe tsohon firaministanta Rajiv Gandhi. Amurka ta sa LTTE a jerin 'yan ta'adda tun 1997, don haka da aka shirya taron share fage na masu ba da agaji a Washington a Afrilun 2003, ba a gayyace ta ba. Kwanaki kaɗan bayan haka LTTE ta fice daga tattaunawa, watanni huɗu kacal bayan an amince a Oslo za a duba tsarin tarayya cikin ƙasa ɗaya. A Tokyo a watan Yuni masu ba da agaji suka yi alkawarin dala biliyan 4.5 da sharaɗin ci gaban sulhu, LTTE ta ƙaurace. A Mayun 2006 Tarayyar Turai ta haramta ƙungiyar, LTTE kuma ta ce masu sa ido 'yan Sweden da Denmark da Finland su tattara nasu ya nasu. Zuwa Satumba sun tafi. Tawagar ta ragu da fiye da rabi daidai lokacin da wuta ta fi ruruwa.

A duba Aceh ta Indonesiya a ga bambanci. A yarjejeniyar Helsinki ta 15 ga Agusta 2005, wadda tsohon shugaban Finland Martti Ahtisaari ya jagoranta, an daddale batun siyasa a takarda ɗaya da tsagaita wuta. Ƙungiyar 'yan tawayen Aceh, GAM, ta ajiye neman ɓallewa, ta miƙa bindigogi 840 a matakai huɗu, bayan kowane mataki gwamnati ta janye wani kaso na soja, masu sa ido na Turai da na ƙungiyar ƙasashen kudu maso gabashin Asiya (ASEAN) na ƙirgawa a bainar jama'a. A Sri Lanka babu bindiga ko ɗaya ta LTTE da aka ce a miƙa. Kowa ya yi amfani da hutun ya wasa wuƙa.

A Yulin 2006 LTTE ta rufe ƙofar madatsar ruwa ta Mavil Aru, ta hana dubban manoma ruwan noma, gwamnati ta mayar da martani da jiragen yaƙi. A Agusta aka harbe ma'aikatan agaji 17 na ƙungiyar yaƙi da yunwa ta Faransa, ACF, a Muttur, shugaban masu sa ido Ulf Henricsson ya ɗora alhakin a kan jami'an tsaro, gwamnati ta musanta. Aka rufe hanyar A9. Yarjejeniyar ta tanadi cewa mai son ficewa ya ba Norway sanarwar kwana 14, amma a lokacin babu wanda ya bayar. Gwamnatin sabon shugaban ƙasa Mahinda Rajapaksa na son kuɗin agaji ya ci gaba da shigowa, LTTE na son duniya ta ci gaba da kallon ta a matsayin takwarar gwamnati. Kowa na kiran harinsa kare kai ko aikin jinƙai.

Hujjar masu cewa a zauna ita ce in Norway ta tafi babu sauran mai kai saƙo tsakanin ɓangarorin. Hujja ce mai nauyi, ba na raina ta. Amma ana iya riƙe layin tarho a buɗe ba tare da an ci gaba da kiran yaƙi tsagaita wuta ba. Abin da ya dace a Agustan 2006 shi ne Norway ta haɗa Amurka da Japan da Tarayyar Turai su sa wa'adi a fili: a buɗe A9, a ƙwace makaman mutanen Karuna, LTTE ta daina dasa nakiyoyi ta saki yara, in ranar ta wuce a bayyana yarjejeniyar ta rushe, a ambaci laifin kowa da sunansa, a dakatar da kuɗin Tokyo. Ba a yi ba. Gwamnati ce ta ba da sanarwar a farkon Janairun 2008, bayan ta gama kama gabas, masu sa ido suka kwashe kayansu. A Mayun 2009 aka ƙare yaƙin a wani siririn bakin teku a Mullivaikkal, inda fararen hula suka maƙale tsakanin luguden soja da mayaƙan da suka hana su gudu. Kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2011 waɗanda suka mutu a watannin ƙarshen za su iya kai dubu arba'in.