Tsofaffin kantunan bakin tasha ba kufai ba ne

Jama'a, duk wanda ya san Ƙaura Namoda ya san unguwar tashar jirgin ƙasa da tsofaffin kantuna da sito-sito da ke kewaye da ita. Ra'ayina shi ne a daina kallon su a matsayin fili mai jiran mai saye.

A 1929 layin dogo ya iso Ƙaura daga Zariya, ya biyo ta Funtuwa da Gusau, nan kuma ya tsaya. Shi ya sa gyaɗa da auduga da fatu na ƙasar Zamfara, har da na can wajen Sakkwato, suke taruwa a nan kafin a loda su zuwa Ikko. A irin waɗannan tashoshi kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt, da Kwarori, wato 'yan kasuwar Lebanon da Siriya, suke kafa kanti da sikeli. Fari na 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya noman, a 1986 gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona. Jirgi ma ya daina zuwa. Gine-ginen dai suna nan.

Na san abin da wasu za su ce: kayan Turawan mulkin mallaka ne, meye namu a ciki? To wa ya haƙa harsashin? Wa ya ɗauki buhu a ka tun daga bakin sikeli har cikin tarago? Kakanninmu ne, 'yan dako da dillalai da akawu, da manomin da aka danne wa sikeli yana kallo. Ko don a nuna wa yaro inda aka cuci kakansa, ginin ya cancanci ya tsaya.

Kuma ku shiga ɗaya da tsakar rana a watan Afrilu. Bango mai kauri, rufi can sama, baranda mai faɗi da ke tare rana. Sannan ku shiga shagunan bulo da ake jerawa yanzu, kwano dab da kai, mai shago na fifita da kwali. Ni ban ga ci gaba a nan ba.

Yawanci ba mugunta ke rushe su ba, rabon gado ne. Magada sun yi yawa, gini ɗaya ne, kowa na son kasonsa a hannu, sai a sayar. Ba na ganin laifinsu, balle yanzu da rashin tsaro ya hana mutane da yawa zuwa gona.

Ba kuma gidan tarihi nake nema ba, ba mu da kuɗin wannan. Ƙaramar hukuma da masarauta su zaga su rubuta waɗanda suka rage da masu su. Wanda zai gyara rufi ya bar bango da baranda yadda suke, a sauƙaƙa masa haraji. 'Yan hatsi na neman wurin ajiyar wake da waken soya duk kaka, ga sito an gina don wannan aikin, an bar wa jemagu.