Yadda Na Goge Darajar Bindigata da Hannuna

A lokacin da na cika shekara goma da zama a Amurka ne wani dattijo maƙwabcina, wanda yake shirin komawa ƙaramin gida, ya sayar mini da wata bindiga da ya ce tun da ya saye ta bai taɓa sa mata harsashi ba. Ƙirar Winchester ce samfurin 94, daga cikin waɗanda aka ƙera a 1966 domin tunawa da cikar kamfanin shekara 100, mai bututu mai kusurwa takwas, an zuba wa tsakiyarta ruwan zinariya. Ya miƙo mini ita a cikin kwalinta na asali, da takardunta, da wata 'yar alama da ke rataye a jikinta, yana lallaɓa ta kamar mai miƙa jariri, sannan ya ce in kula da ita. Ni kuwa na ɗauki wannan magana a matsayin umarnin in yi mata hidima.

Abin da na fara yi shi ne rabuwa da kwalin, domin ya tsufa, gefensa ya dusashe, kuma a ganina bai dace da abin da ke cikinsa ba. Na yanke alamar da almakashi saboda tana reto. Daga nan na lura zinariyar ba ta ƙyalli yadda nake so, sai na ɗauko man goge tagulla da tsumma na zauna na yi ta dirza, har na fara ganin wani farin ƙarfe yana leƙowa ta ƙarƙashi, na kuma yi murna ina zaton tsabta ce ta kai maƙura. Duk baƙon da ya shigo gidan sai na ja mariƙin da ake ɗana ta da shi na mayar, domin ya ji wannan ƙara mai daɗi, kuma in an ƙidaya na yi haka ya fi sau ɗari. A ƙarshe na kai ta filin koyon harbi na saki harsashi biyar, don kawai in tabbatar dattijon bai sayar mini da sanda ba.

Bayan shekara biyu na ɗauke ta zuwa wani bajekolin bindigogi, na ajiye ta gaban wani mai kimanta irin waɗannan kaya, ina jiran ya miƙe tsaye don girmamawa. Mutumin ya ɗauko gilashin ƙara girma ya duba bakin bututun, ya duba inda ƙarfe ke gogar ƙarfe idan an ja mariƙi, ya daɗe a kan wurin da na fi alfahari da shi, sannan ya ɗago ya tambaye ni ina kwalin. Da na gaya masa cewa motar shara ta tafi da shi tuntuni, sai ya cire tabarau ya dube ni irin duban da ake yi wa wanda aka zo yi wa ta'aziyya.

Ya bayyana mini, cikin haƙurin da ya fi zagi ciwo, cewa an ƙera irin wannan bindiga fiye da 100,000, kuma da yawa daga cikin masu ita sun adana ta ba su taɓa ba, saboda haka mai tara kayan tarihi ba shi da dalilin sayen wadda ta ji jiki alhali sababbi fil suna nan a kasuwa. Abin da ake biya wa kuɗi shi ne kasancewarta yadda ta fito daga masana'anta: ba a harba ba, ba a ja mariƙin ba, ga kwali, ga takardu, ga alama. Ya nuna mini siraran layukan da jan mariƙin ya bari, ya ce ruwan zinariyar bai fi fatar albasa kauri ba, kuma ko an sake zuba wani, masu saye ba za su ɗauke ta a matsayin ta asali ba. Yanzu, in ji shi, farashinta ya koma na bindigar farauta da aka yi amfani da ita. Na ce masa ai gyara na yi, a raina kuma ina jin muryar masu cewa garin neman gira an rasa ido.

Da na tattara zan tafi, sai ya ƙara da cewa akwai masu neman kwalin shi kaɗai, ko babu komai a ciki, kuma idan takardun suna nan lafiya zai iya saye. Na yi sauri na koma gida na tambayi uwargida ko ta gan su, ta ce, "Maigida, ai kai da kanka ka ninke su gida huɗu ka tokare ƙafar firiji da su."