Maganin damina: a tsaya a ga yaro ya haɗiye

Wannan abin da aka yi mana jiya ba aiki ba ne, kuma ba zan yi shiru ba. Kun san masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro sun shigo unguwa. 'Yan mata biyu suka tsaya a soro, suka miƙa wa 'yata mai shekara 9 fakiti uku, suka yi rubutu da alli a bango. Na fito da gudu ina ɗaura ɗankwali, na ce ba za ku shigo ku ga yaran ba? Ɗayar ta ce, "Anti, ki ba su da kanki, gidaje sun yi mana yawa." Shi ke nan. A takarda an rubuta gidanmu ya samu.

To ai ƙa'idar ba haka ta ce ba. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar wannan tsari ga ƙasashen Sahel, Najeriya ta ɗauka ta mayar da shi ƙa'idar ƙasa. Yaro daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, duk wata sau ɗaya muddin ana damina. Ƙwaya huɗu ce a fakiti. Ranar farko biyu, a jiƙa a ruwa, yaro ya sha a gaban mai rabon. Sauran biyun uwa ta ba shi washegari da jibi. Idan ya yi amai cikin rabin awa, a sake ba shi. Idan jikinsa da zafi, ba a ba shi, asibiti ake tura shi a gwada jininsa. Idan yana shan maganin Septrin, ba a haɗa masa. Ku gaya mini, wanne cikin waɗannan za a iya sani daga soro?

Maƙwabciyata tana da ɗa mai shekara 2 da ya kwana biyu jikinsa rau da zazzaɓi. Da murna ta karɓa, a zatonta maganin warkewa aka kawo mata har gida. Na same ta ta ɓare ƙwayoyin duka huɗu a murfin kwano za ta dama masa lokaci guda. Na riƙe hannunta. Ba laifinta ba ne ko kaɗan, babu wanda ya tsaya ya yi mata bayani na minti biyu.

Na san abin da za a ce mini. Kuɗin da ake biyan masu rabon bai taka kara ya karya ba, ga rana, ga taɓo. Gaskiya ne, kuma a biya su haƙƙinsu a kan lokaci. Amma wannan magana ce tsakaninsu da waɗanda suka ɗauke su, ba ɗan maƙwabciyata ne zai biya bashin ba. Wasu za su ce iyaye mata ne ba sa ba da haɗin kai. Wace uwa ce ta hana su shiga jiya? Ni da bakina na ce su shigo.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne maganin nan yana aiki. Idan aka ba da shi yadda ya kamata, yana rage kamuwa da kusan kashi uku cikin huɗu, kuma kariyarsa wajen kwana 28 ce, shi ya sa ake dawowa duk wata. Ƙasar da ke ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu maleriya a duniya ba ta da damar wasa da irin wannan. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin yara a asibiti cikin watan Satumba, ya ga yara biyu a gado ɗaya, ana neman jinin da za a ƙara musu, ya san me nake nufi. Likitoci sun zauna sun rubuta ƙa'ida mai kyau, an kashe kuɗi an sayo magani, an kai shi har ƙofar gida, sannan a taki na ƙarshe a watsar.

Masu sa ido su daina ƙirga alli a bango. Su shiga gida su tambayi uwa: a gabanki ya sha? An taɓa jikinsa? An gaya miki na gobe da na jibi? Masu unguwanni da limamai su sanar da ƙa'idar da Hausa tun kafin ranar rabo, don uwa ta san abin da za ta nema. Ni dai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu, kofi da cokali na nan a soro, ba mai tafiya sai ya ga an haɗiye.

Kuma tunda ana maganar sauro, kwatar bayan layinmu ta toshe tun ruwan farko. Leda da robar lemo sun cika ta, ruwan ya yi kore, yara na tsallakawa a kai zuwa islamiyya. Sau uku ana cewa za a fito aikin gayya ranar Asabar. Maza, muna jiranku, shebur ɗinmu biyu na nan a gida ga mai buƙata.