Idon Sawu Biyu Aka Ce, Biyu Na Kama

A jiu-jitsu, wata irin kokawa da aka fi yinta a ƙasa kan tabarma, akwai kwanciyar da mai kallo zai ɗauka an gama da kai: kana rigingine, ka zagaye ƙugun abokin karawa da ƙafafu, ka harɗe su a bayansa. Alhali nan ne mafakarmu, mu 'yan koyo masu farin bel. Muddin yana durƙushe, da sauƙi. Tashin hankalin yana farawa ne in ya miƙe tsaye.

Maganin da Malam ya koya mana ba wuya a baki. Yana miƙewa ka cafke idon sawunsa biyu, ka kwance kullen, ka sauke ƙugu, ka haɗe gwiwoyi a cikinsa, ka tura. Tunda ka hana shi ja da baya, sai ya zube. Sannan ka bi shi ka haye, don a dokar IBJJF, hukumar da ke shirya manyan gasannin jiu-jitsu, ba a ba ka maki 2 na kifarwa sai ka dawo sama ka riƙe daƙiƙa 3. In ka zauna masa a ciki, ga wasu 4. Lokacin atisaye, da abokin da ke faɗuwa tun kafin a taɓa shi, na zama gwani. Har sababbin zuwa na fara yi wa gyara.

Da aka zo karawa ta gaske, sai aka haɗa ni da wani ƙaton yaro mai shuɗin bel (matakin da ke gaba da fari), mai ladabi, ba ya kirana sai da Yaya. Na kulle shi. Ya damƙi kwalar rigata, ya dafa ƙafa ɗaya, ya dafa ɗayar, ya miƙe da ni gaba ɗaya. Ban san haka tabarma take da nisa ba. Ga ni rataye a jikinsa kamar jemage, jini ya taru min a ka, rigata ta zazzago ta rufe min ido. Abin da kawai ya kwantar min da hankali shi ne doka ta hana maka mutum da ƙasa.

"Yaya, kana lafiya?"

"Yi ta kanka," na ce masa, "yanzu za ka gani."

Na saki kullen, kafaɗuna suka taɓa tabarma, na shiga lalube. Hannun dama ya samu idon sawu. Hannun hagu ya yi ta shafa iska, can shi ma ya samu. Na ɗan ji wannan ya fi wancan siranta, kuma ya yi nisa, amma wa ke da lokacin bincike? Na haɗe gwiwa, na tura da iya ƙarfina har da gurnani.

Yaron bai faɗi ba. Ya ja ƙafarsa ta baya hankali kwance, ya ture gwiwoyina gefe, ya zagayo ya kwanta min a ƙirji. Maki 3 ke nan na wuce ƙafafu, da duk nauyin da Allah Ya ba shi. Ni kuwa ban saki na hagun ba, ina ta fizga, don an ce mana riƙo shi ne komai.

Sai na ji wurin ya yi tsit. Na janye rigar daga fuskata da haɓa, na bi ƙafar da kallo: wando, baƙin bel, fuskar Malam. Ashe ya matso ne ya yi min gyara.

"Ka gama da ita, ko in jira?"

"Malam, ai biyu kuka ce a kama."

"Na mutum ɗaya."

Har gobe ina kan bakana cewa ba a faɗi wannan a darasi ba. Malam bai yi musu ba. Tafa hannu kawai ya yi, kowa ya zagayo, ya ce tunda akwai wanda bai gane ba za a sake daga farko, kuma ni zan tsaya a gwada a kaina. Ya kulle ni, na miƙe, na ga rufin ɗaki. Na tashi, na sake ganinsa. Ina murza ƙugu ina shirin komawa layi, sai ƙaton nan ya ɗaga hannu cikin ladabi.

"Malam, mu na baya ba mu gani sosai ba."